Maganin sanƙo: yadda ake ɗorewa a kansa shekara da shekaru, da iyakar abin da zai iya riƙewa

Tambayar da mai sanƙo ya fi yi wa likitan fata ita ce: wata nawa zan yi ina shan maganin nan kafin in warke? Amsar ba ta da daɗin ji. Sanƙon gado ba ya warkewa, riƙe shi ake yi. Magunguna biyu ne aka daɗe ana gwada su har aka tabbatar suna aiki, wato ƙwayar finastarayid da ruwan shafawa na minoksidil, waɗanda a jikin kwali za ka ga an rubuta su finasteride da minoxidil. Dukansu suna aiki ne muddin kana amfani da su. Don haka kafin ka sayi kwalbar farko, lissafin da ya kamata ka yi na shekara biyar ne zuwa goma, ba na wata uku ba.

Tabbatar sanƙon gado ne

Ba kowace zubewar gashi ce sanƙo ba. Sanƙon gado yana da hanyarsa: gashi ya fara ja da baya daga gefuna biyu na goshi, ko tsakar kai ta fara shara-shara, ƙeya da gefen kunnuwa kuma suna nan da gashinsu. A hankali yake tafiya, babu ƙaiƙayi babu ƙurji. Idan wuri guda ne ya kwashe tas kamar kwabo cikin 'yan makonni, ko akwai ɓawo da ƙaiƙayi irin na makero, ko ƙuraje masu tauri a ƙeya bayan aski, ko gashin kai gaba ɗaya ya zube wata biyu zuwa uku bayan zazzaɓi mai tsanani ko tiyata, to wata matsala ce daban, kuma finastarayid ba zai yi mata komai ba. Ka je likitan fata ya duba.

Hula da rawani ba sa jawo sanƙo, haka ma yawan aski. Abin da ke faruwa a ciki shi ne: wani sinadari a jiki yana juya testostaron, wato sinadarin mazakuta, ya koma wani mai ƙarfi da ake kira DHT. A kan mutumin da ya gaji sanƙo, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba, saiwoyin gashin gaba da na tsakar kai ba sa jure DHT. Kowane silin gashi yana yin shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, ya huta kamar wata uku, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. DHT yana gajarta lokacin tsiron, saiwar tana ƙanƙancewa, duk silin da ya fito sai ya fi na baya siranta da gajarta, har a wayi gari sai ɗan gashi mai laushi kamar na jariri, daga nan sai fata sumul.

Wannan shi ya sa lokacin farawa yake da muhimmanci. Saiwar da ta ƙanƙance magani yana iya farfaɗo da ita. Wadda ta shekara da shekaru a mace, inda kai yake ƙyalli, ba ta dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin ƙwayar farko, ɗauki hoto

Madubi ba ya faɗin gaskiya a wannan harka, domin kullum kana kallonsa, canjin kuwa a hankali yake zuwa. Ka sa wani ya ɗauke ka hoto huɗu: gaba, gefen dama, gefen hagu, da tsakar kai daga sama kana sunkuye. A wuri ɗaya, da haske iri ɗaya, ba tare da walƙiyar kyamara ba, kai a bushe babu mai. Abin da masu yawan aski ke mantawa shi ne tsawon gashin. Hoton da aka ɗauka ranar aski ba a gwada shi da wanda aka ɗauka suma ta yi mako uku. Ka zaɓi rana guda, misali kwana goma bayan aski, ka riƙa maimaitawa duk wata uku. Hotunan nan ne za su raba gardama bayan shekara ɗaya.

Finastarayid: shi ne ginshiƙin

Asalinsa maganin kumburin furostet ne, wato ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar namiji. Kamfanin Merck ya fitar da shi a 1992 da sunan Proscar mai miligiram 5, sannan a 1997 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da mai miligiram 1, Propecia, domin sanƙo. Aikinsa toshe sinadarin da ke ƙera DHT, kuma yana rage DHT na cikin jini da kimanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari.

Ƙa'idarsa ƙwaya ɗaya ta miligiram 1 a rana, da abinci ko babu, a lokacin da ba za ka manta ba. A watan azumi sai ka mayar da ita bayan buɗa-baki ko lokacin sahur, babu abin da zai ragu. In ka manta yau, gobe ɗaya za ka sha, kada ka haɗa biyu. Shan miligiram 5 kullum ba ya ƙara gashi fiye da 1, an gwada an gani.

Yanzu ga maganar shekaru. Manyan gwaje-gwajen farko sun ɗauki maza 1,553 masu shekara 18 zuwa 41, aka raba su, wasu suna shan maganin wasu suna shan ƙwayar da babu komai a cikinta, ba wanda ya san wacce yake sha. Wani ɓangare nasu aka ci gaba da bibiya har shekara biyar. Da ƙwararru suka gwada hotunan farko da na shekara ta biyar, cikin masu shan maganin kashi 48 cikin ɗari gashinsu ya ƙaru, kashi 42 yana nan yadda yake, kashi 10 ya ragu. Cikin waɗanda ba su sha maganin gaske ba, kashi 75 gashinsu ya ci baya. An kuma riƙa ƙirga silin gashi a wani ɗan da'ira mai faɗin inci ɗaya a tsakar kai, kuma a shekara ta biyar tazarar da ke tsakanin rukunan biyu ta kai sili 277.

Akwai abin lura a cikin ƙirgar nan, kuma shi ne ke rikita mutane. Yawan gashin masu shan maganin ya kai ƙololuwa ne a shekara ta farko zuwa ta biyu, daga nan ya fara gangarowa kaɗan-kaɗan. Amma tazarar da ke tsakaninsu da marasa shan magani kullum ƙaruwa take, domin su waɗancan gangarowarsu da gudu ce. Wanda ya kai shekara ta huɗu ya ga gashinsa bai kai na shekara ta biyu ba, sai ya ce maganin ya daina yi masa aiki, jikinsa ya saba. Ba sabo ba ne. Maganin bai kawar da DHT duka ba, kashi ɗaya cikin uku yana nan yana ɓarna a hankali, ga kuma shekaru suna ja. Awon da ya dace shi ne ka gwada kanka na yau da yadda zai kasance da ba ka sha komai ba, kuma sau da yawa ɗan'uwanka ko mahaifinka a irin shekarunka shi ne misalin.

Bayan shekara biyar kuma, likitoci a Rum ta ƙasar Italiya sun bibiyi maza 118 har tsawon shekara goma, suka wallafa a 2011. Kashi 14 cikin ɗari ne kawai gashinsu ya ci baya, sauran ya tsaya ko ya ƙaru, wasu ma sai bayan shekara ta biyar suka ƙara samun ci gaba. Sun kuma lura cewa yadda mutum ya karɓi maganin a shekarar farko yana nuna yadda zai kasance daga baya. Wani bincike a Japan da aka fitar a 2019 kan maza sama da 500, shi ma na shekara goma, ya sami fiye da kashi 90 cikin ɗari da gashinsu ya inganta. Sai dai a yi wa waɗannan alƙaluma na shekara goma karatun hankali: ba a gwada su da rukunin marasa magani ba, kuma wanda magani bai yi masa ba yakan watsar tun da wuri, sai a ƙare da ƙirga waɗanda ya karɓe su. Duk da haka saƙon ɗaya ne, maganin ba ya mutuwa da tsawon lokaci.

Tsakar kai ta fi karɓarsa. Gaban goshi yana tsayawa, wani lokaci ya ɗan cike, amma kusurwoyin nan biyu da suka riga suka shige ciki da wuya su dawo.

Illolin da dole a sani

A gwajin shekarar farko, kashi 1.8 cikin ɗari na masu sha sun ce sha'awarsu ta ragu, alhali cikin masu shan ƙwayar wofi ma kashi 1.3 sun faɗi haka. Raunin gaba kashi 1.3 ne a kan 0.7. Akasari abin yana wucewa in an daina, wasu ma yana wucewa suna kan sha. Tsoro shi kansa yana da nasa tasiri: a wani gwaji a Italiya kan masu shan miligiram 5, waɗanda aka gargaɗa tun farko kan wannan illa sun yi ƙorafinta kusan ninki uku na waɗanda ba a gaya musu ba.

Amma kada wannan ya sa a raina lamarin. Akwai mazan da suka ba da rahoton cewa matsalar ta ci gaba bayan sun daina sha, har hukumar Amurka ta sa aka rubuta haka a takardar maganin a 2012. A 2025 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar da tunanin kashe kai a cikin illolin ƙwayar. Duk mai fama da ciwon damuwa ya gaya wa likita kafin ya fara, wanda kuma ya ji ƙunci ko baƙin ciki marar dalili bayan ya fara, ya dakata nan take ya koma asibiti. Haka in nono ya kumbura, ko yana zafi, ko an ji ƙullutu.

Mai neman haihuwa ya sani cewa maganin yana rage yawan ƙwayoyin maniyyi ga wasu maza, kuma yakan dawo bayan an daina. In haihuwa ta yi jinkiri, a faɗa wa likita ana shan sa. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da aka fasa ko aka daka, domin tana iya lahanta al'aurar ɗan tayi namiji. Wannan ya shafi masu sayen ta miligiram 5 suna raba ta huɗu don sauƙin kuɗi. Dabarar tana aiki, kowane ɓari yana ba da kusan miligiram 1.25, amma a yi ta da izinin likita, da abin yanka ƙwaya na musamman, a goge garin, a ajiye ɓarin a rufaffen mazubi inda uwargida da yara ba sa kaiwa.

Abu biyu kuma: maganin yana rage sakamakon gwajin PSA, na binciken sankarar furostet, da kusan rabi, don haka wanda ya haura shekara 40 ya sanar da likita kafin a fassara masa sakamako. Kuma ba a ba da gudummawar jini sai an yi wata ɗaya da dainawa.

Minoksidil: aikin hannu ne, kuma a nan aka fi kuskure

Shi ma ba don gashi aka ƙirƙire shi ba. Ƙwayar hawan jini ce, aka ga masu shanta suna fitar da gashi, sai kamfanin Upjohn ya mayar da shi ruwan shafawa, aka amince da shi a 1988 da sunan Rogaine. Bai taɓa DHT ba sam. Abin da yake yi shi ne tayar da saiwoyin da suka kwanta da tsawaita lokacin tsironsu. Mai kashi 5 cikin ɗari shi ne na maza, kuma a gwajin mako 48 ya fi mai kashi 2 fitar da gashi da kashi 45 cikin ɗari.

Mililita ɗaya da safe, ɗaya da dare, a kan fatar kai busasshiya. Ka ɗiga a inda gashi ya yi shara-shara, ka baza da yatsa har ya taɓa fata, ka wanke hannu da sabulu. Mai suma sai ya riƙa buɗa ta yana ɗigawa a tsaga, domin abin da ya tsaya a kan gashi asara ne. Ga hanyar gane ko kana yi daidai: kwalbar mililita 60 wata ɗaya take yi cif. In ta kai ka wata biyu, rabin magani kake shafawa. In ta ƙare a mako biyu, ɓarna kake, ga haɗarin bugun zuciya da jiri, gashin kuwa ba zai ƙaru ba.

Yana buƙatar kamar awa huɗu a kan fata kafin ruwa ya taɓa shi. Ga mai alwala sau biyar, lokaci mafi dacewa shi ne bayan sallar Asuba in an gama wanka kai ya bushe, domin akwai tazara mai yawa kafin Azahar, sai kuma bayan Isha'i. Na daren a ba shi awa biyu ya bushe kafin a kwanta, in ba haka ba matashin kai ne zai shanye, ya goga maka a fuska, ko ya goga wa yaron da ke kwana kusa. Kada ka kifa hula kai yana jiƙe da shi. Man gashi ko man kaɗanya sai bayan ya bushe, ba kafin ba. Ranar da aka yi maka aski da aska ko reza, ka bar fatar ta huta zuwa washegari, domin a kan yanka yana raɗaɗi kuma yana shiga jini fiye da kima. Akwai barasar magani a cikinsa mai kama wuta, kada a shafa kusa da murhu ko taba, kada a bar kwalbar a mota cikin rana. Masu kyanwa a gida su yi hattara, ɗan kaɗan ɗinsa yana iya kashe ta.

Tsakanin mako na 2 da na 8 za ka ga gashi yana zuba fiye da da. A nan ne mutane da yawa ke jefar da kwalbar. Tsofaffin silin da suka riga suka gama aiki ne sababbi ke turowa waje, kuma abin yana lafawa da kansa. In fatar ta yi ja tana ƙaiƙayi tana fitar da fari-fari kamar amosani, galibi ba minoksidil ɗin ne ba, wani sinadari ne da ake narka shi a ciki. Sai a koma na kumfa, wanda ba shi da wannan sinadarin, rabin murfi sau biyu a rana.

A dogon zango minoksidil shi kaɗai bai kai finastarayid riƙo ba. Wani ƙaramin bincike a Amurka da ya bibiyi maza 31 kusan shekara biyar ya nuna gashin ya kai ƙololuwa a shekarar farko, sannan ya riƙa raguwa a hankali, ko da yake bai koma inda aka fara ba. Dalilin a fili yake, DHT yana can yana aikinsa ba mai tsare shi. Akwai kuma waɗanda ba ya yi musu komai, saboda sai wani sinadari a saiwar gashi ya sarrafa shi kafin ya yi aiki, kuma wasu mutane nasu kaɗan ne.

Shi ya sa haɗa biyun ya fi. A wani gwaji a ƙasar Sin kan maza 450 na tsawon wata 12, kashi 59 cikin ɗari na masu minoksidil kaɗai sun sami ci gaba, masu finastarayid kaɗai kashi 80.5, masu haɗawa kashi 94.1. Wanda aljihunsa ko haƙurinsa ba zai ɗauki biyu ba, kuma likita bai ga abin da zai hana shi ba, ƙwayar ce ta fi cancanta, domin ita ke tare tushen matsalar, kuma haɗiyar ƙwaya ɗaya ta fi sauƙin ɗorewa shekara goma a kan shafe-shafe safe da dare.

Yaushe za a yanke hukunci

Wata uku na farko kada ka sa ran ganin komai sai raguwar zuba. Wajen wata na shida ƙananan gashi masu laushi suke fara bayyana. Sai an cika wata 12 ake jera hotuna a duba. In hoton farko da na yau iri ɗaya ne, an ci nasara, domin da ba maganin da an ga bambanci ta ɓangaren asara.

In kuwa ya ci baya, kafin a zargi maganin a bincika abu uku. Kwana nawa ake tsallakewa a mako? Maganin na gaske ne? Kasuwar maganin gashi cike take da jabu, musamman na intanet, don haka a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar magunguna, kamar NAFDAC a Najeriya, da ranar lalacewa. Na uku, ko akwai wata cuta da ta shigo, kamar ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo, wadda gwajin jini zai nuna.

In duk wannan lafiya lau, likita yana da sauran mataki. Akwai dutastarayid mai miligiram 0.5, wanda ke rage DHT da kusan kashi 90 cikin ɗari. Koriya ta Kudu ta amince da shi don sanƙo a 2009, Japan a 2015. Ya fi ƙarfi, amma yana daɗewa a jiki makonni da yawa, don haka in illa ta zo ba ta saurin tafiya, kuma sai an yi wata shida da dainawa ake ba da jini. Akwai kuma ƙwayar minoksidil ta sha, miligiram 2.5 zuwa 5, ga wanda shafawa ta gagara. Wannan maganin hawan jini ne, yana iya kawo kumburin ƙafa, bugun zuciya da gashi a fuska da jiki, ba a shansa sai an auna jini an duba zuciya. Shamfu mai ketokonazol kashi 2, sau biyu zuwa uku a mako, a bar kumfar minti biyar kafin a ɗauraye, yana taimaka wa mai amosani, amma mataimaki ne kawai. Abin nan mai ƙananan allurai da ake mirginawa a kai kuwa, duk wanda fatarsa ke yin tabo mai tudu ya nisance shi.

Masu tafiya Turkiyya dashen gashi su ma ba su tsira daga magani ba. Gashin da aka ciro daga ƙeya ba ya jin DHT, zai zauna, amma na asali da ke bayansa zai ci gaba da zuba in ba a riƙe shi ba, sai a ƙare da tsibirin gashi a goshi da fili a bayansa.

In ka daina

Dainawar ita kanta ba ta jawo wata sabuwar cuta, kuma ba sai an rage a hankali ba. Abin da zai faru shi ne gashin da maganin ya riƙe zai tafi. Na minoksidil cikin wata uku zuwa shida, na finastarayid cikin kamar wata 12. Ba kuma inda ka fara za ka koma ba, inda sanƙon zai kai ka da ba ka taɓa shan komai ba can za ka tsinci kanka, shi ya sa wanda ya sha shekara bakwai ya daina yake ganin kamar maganin ne ya ƙara masa sanƙo. Tsallake kwana biyu ko uku saboda tafiya ba ya rushe komai, a ci gaba kawai daga inda aka tsaya. Hutun wata uku ko huɗu kuwa yana cin gashi, kuma in an dawo ba lallai ne a maido da duk abin da ya zube ba, don haka mai doguwar tafiya ya ƙirga ƙwayoyinsa da kwalabensa su kai shi har ranar dawowa.